Aron Tukunyar Mma Suweiba

Tun ranar da nas ta ɗora na'ura a kan cikin Mubarika, Ukasha ya ji zuciyar ɗansa tana bugawa kif-kif-kif kamar keken ɗinki, bawan Allah bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Tela ne, shagonsa na bakin babban titin unguwar Nima a Accra, kuma an san shi da iya yanka jallabiya. Amma a watannin nan, duk wanda ya kawo masa yadi, kafin ya auna mutumin sai ya fara auna ƙyallen da zai rage. Kafin cikin ya cika wata bakwai ya ɗinka 'yan riguna goma sha ɗaya, har da wata 'yar jallabiya mai tsawon tafin hannu biyu, ya kuma yi mata aljihu.

"Aljihun na mene ne?" in ji Mubarika, tana dariya har tana riƙe ƙugu. "Waya zai sa a ciki?"

"Cale, ƙawata, ki bari kawai. Ɗan Nima ba ya fita ba aljihu."

"In mace ce fa?"

"Ita ma 'yar Nima ce."

Ciki da falo suke haya, a wani gida mai ɗakuna goma sha huɗu da famfo ɗaya. Babu wanda bai ga hoton cikin ba a gidan nan, har mai kawo burodi. Baƙi-baƙi ne kawai da fari-fari, amma Ukasha ya rantse yana ganin hancinsa a ciki. Ranar da asibiti suka ba su takardar kayan haihuwa kuwa, rufe shago ya yi, ya ja ta sai kasuwar Makola. Suka sayi robar shimfiɗa, da auduga, da sabulu, da zannuwa, da bokiti mai murfi. Ya yi ciniki da yaren Tuwi, da aka ƙi ragewa ya koma yaren Ga, da aka ƙi sai ya nuna cikin matarsa. A ƙarshe ya kifa wani shuɗin bahon wanka a kansa ya ratsa kasuwa da shi, matan Makola suna tafa masa suna kiransa baban jariri. Mubarika tana biye da shi, kunya kamar ta nutse, daɗi kuma kamar ta yi rawa.

Ana cikin wannan ne Gwaggo Husseina ta sauka daga unguwar Sabon Zongo. Yayar mahaifin Ukasha ce, ita ce babba a danginsu, kuma ita ke riƙe da al'adar gidan kamar yadda kakanni suka zo da ita daga Kano. Ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga 'yar jallabiyar ta ce Allah Ya shirye shi. Sannan ta gyara zama.

"To, madalla. Saura goyon ciki. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, can za a yi miki wankan jego har kwana arba'in. Ga shi har wata na bakwai ya kusa fita muna zaune. Na sa ranar Lahadi ta sama, ni da mata biyu za mu zo da goro mu raka ki. Gidan wa za mu nufa?"

Gwaggo ba da mugunta ta tambaya ba, mantuwa ce irin ta tsufa, kuma tana rufe baki ta tuna. Mubarika ba ta da uwa. Tana shekara tara mahaifiyarta ta rasu a Bawku, wata ƙanwar babanta ta kawo ta Accra, ta ajiye ta aiki wurin wata mai sayar da abinci a Maamobi, ta wuce Abidjan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Baban ma bai daɗe ba ya bi matarsa.

"Ba komai, 'yata," Gwaggo ta ce da sauri. "In babu, sai ki taho wurina. Ai ni ma uwa ce."

Mubarika ta yi godiya kanta a ƙasa. Ta san Gwaggo za ta riƙe ta da kyau. Amma ta san kuma abin da za a faɗa ranar suna, lokacin da mata suka cika tsakar gida suna tambayar ina dangin mai jego: a gidan miji ta yi wanka, ba ta da kowa. Wannan maganar ce ba ta so ɗanta ya fara ji a duniya. Tana son a kai ta wani gida da goro, a yi sallama, wata ta fito ta ce ta karɓa. Abin da take so ke nan, kuma ba ta ga ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba.

Da Gwaggo ta tafi, Ukasha ya zauna kusa da ita.

"Mma Suweiba fa?"

"Kar ma ka fara."

"Shekara goma sha ɗaya kika yi a gidanta. Ita ta yi miki kayan ɗaki."

"Duk wadda ta daɗe tana mata aiki tana yi mata kayan ɗaki. Sallama ce, Ukasha. Ni 'yar aiki ce a gidan nan, wanke-wanke na yi. In je in ce ta zama uwata, ta dube ni ta ce a ina ta haife ni? Gara in haihu a bakin famfo."

Mma Suweiba ita ce mai rumfar waake ta kusa da kasuwar Maamobi, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Tun da asuba layi ke kamawa a gabanta, ma'aikatan banki da direbobin torotoro, motocin hayar garin, duk kafaɗa ɗaya. Mace ce mai jiki da murya, 'ya'yanta uku duk maza, kuma ba a taɓa jin ta yabi kowa ba. In ta ce aikinka bai lalace ba, to ka ci kyauta. Mubarika ta sha ranƙwashi a hannunta, ta kuma sha magani a hannunta lokacin da ƙyanda ta kwantar da ita. Har yau ba ta san wanne za ta ɗauka a matsayin gaskiyar matar ba.

Wani abin da ya ƙara tsorata ta shi ne, a 'yan makonnin nan Mma Suweiba ta canza mata fuska. Da, in ta biya ta rumfar bayan awo, sai a zuba mata waake har da ƙwai da taliya, a haɗa da faɗan me ya sa ta rame. Yanzu kuwa zubawa take yi ba ta ko ɗago kai. Hausarta irin ta Zongo ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta.

"Cikinka wata nawa yanzu?"

"Bakwai, Mma."

"Hmm. Mijin nan naka, shi ba shi da dangi ne?"

"Yana da su."

"Hmm."

Shi ke nan hirar. Mubarika ta dawo gida ranta a jagule, ta ce ga shi an fara yi wa mijinta gori, ina ga ta je da roƙo.

Ukasha dai ba ya iya ganin matarsa cikin damuwa ya zauna. Washegari ya shigo da fara'a kamar wanda ya ci takara.

"Na gama magana. Ba za ki je Sabon Zongo ba, ba za ki roƙi kowa ba. Ni zan yi miki wankan."

"Kai?"

"Mene ne a ciki? Ruwa ne da ganye. Mutumin da ya iya sa hannun kaftani, ruwan zafi ne zai gagare shi?"

Ba wasa yake yi ba. Ya bi tsofaffin gidan ɗaya-ɗaya yana tambaya yana rubutawa a littafin awon kwastomomi: ganyen darbejiya, safe da yamma, kunun kanwa, nama mai yaji. Ya tambayi nas, ta ce ruwan kada ya yi zafin ƙuna, kanwar kuma a taɓa kaɗan, ya rubuta ya ja layi biyu. Ranar Laraba ya ce zai yi gwaji. Ya hura gawayi a tsakar gida, ya ɗora tukunyar miyarsu, ya tsoma ganye, ya tsaya a kai da agogo. Da ruwan ya tafasa ya juye a bokiti, ko rabi bai kai ba. Ya tsoma ganyen ya fyaɗa a ƙafarsa don ya ji yadda abin yake, ya yi tsalle ya ambaci sunan Allah da na kakarsa. Matan gidan da ke layin famfo suka kwashe da dariya, wata har da zama a ƙasa.

Mubarika ma ta yi dariya har hawaye, kuma a cikin hawayen akwai na son mutumin nan. Ya dawo yana ɗingishi, bai karaya ba ko kaɗan.

"Matsalar tukunya ce kawai. Babba muke so, irin ta masu waake. Ki je ki aro mana ɗaya wurin Mma Suweiba. Aron tukunya ai ba roƙon uwa ba ne."

Wannan ta ga za ta iya. Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da layi ya ragu, ta tsallaka gadar babban kwalbati ta shiga Maamobi a hankali, hannu ɗaya a baya. Ta tarar da Mma Suweiba tana kankare gindin tukunya, 'yan aikinta mata biyu suna wanke kwanuka. Ta gaishe ta, ta samu benci ta zauna, ta yi ta juya maganar a baki.

"Mma, aron tukunya na zo. Babbar nan ta baya, in ba a aiki da ita."

"Biki za ka yi?"

"A'a. Ta ruwan wanka ce. In na haihu."

Hannun Mma Suweiba ya tsaya.

"A ina za a dafa ruwan?"

"A gidanmu."

"Wa zai yi maka wankan?"

Mubarika ta sunkuyar da kai. "Ukasha ya ce zai iya."

Ludayin ya faɗi cikin tukunya da ƙara. 'Yan aikin suka daina wanke-wanke. Wani direba da ke cin abinci a gefe ya ɗauki kwanonsa ya matsa can ƙarshen benci.

"Tela?" in ji Mma Suweiba. "Tela zai yi maka wankan jego? Ni ina Maamobi da raina, ban mutu ba, ban makance ba, tela zai yi maka wanka? Tashi!"

"Mma, ni ban..."

"Na ce tashi!"

Ta kama ta a wuyan hannu, irin kamun da Mubarika ta sani tun tana yarinya, ta ja ta ta lungun bayan rumfa zuwa cikin gida. Suka wuce murhu, suka wuce inda ake shanya karan dafi. A jikin bango an jera itace har ya kusa taɓa kwano, busasshe, an faskara shi daidai wa daida. Ba itacen girki ba ne, na girki yana can inda yake kullum. Mma Suweiba ta tura ƙofar ɗakin da ake ajiye buhunan shinkafa.

Babu buhu ko ɗaya. An yi wa bangon sabon fenti ruwan ganye, har yanzu da sauran ƙamshinsa. Ga gado da sabuwar katifa ba a cire ledarta ba, ga gidan sauro a ɗaure, ga fanka a tsaye. An sa wa tagar sabuwar raga. A ƙasa kusa da gadon an shimfiɗa wata tabarma da filo ɗaya, wurin kwanan mai kula da mai jego.

"Tun cikinka na wata biyar na kwashe shinkafa," in ji Mma Suweiba cikin fushi. "Wata shida na sa aka yi fenti. Wata bakwai ya kama, kullum ina sa kunne in ji sallama. Ranar Lahadi ba na zuwa ko'ina, suna biyu na ƙi zuwa. Shiru! Na ce to, mutanen Kano ne, sun raina ni, mai waake ce. Yau kuma ka zo ka ce in ba ka tukunya."

Mubarika ta jingina da ƙofa.

"Mma, ai ba a gaya mini ba."

"In gaya maka? Uwa ce ke zuwa roƙo? Kawo mata ake yi! Da goro, da mutane, a yi sallama a ƙofa. In na buɗe baki na ce a ba ni, ka ce a'a, ka ce ni ba ni na haife ka ba, ina zan sa fuskata?"

"Ni ma abin da na ji tsoro ke nan."

"Tsoron me?"

"Kar a ce mini 'yar aiki ce ni."

Mma Suweiba ta dube ta. Sai ta zauna a bakin gadon, ledar katifar ta yi ƙara, ta ja bakin mayafinta ta goge fuska, wai hayaƙin murhu ne.

"Maza uku na haifa," ta ce. "Matansu duk sun haihu, kowanne an kai shi gidan uwarshi. Jikoki bakwai, ban taɓa dafa wa ko ɗaya ruwa ba. Yara nawa suka yi aiki a nan suka tafi? Wa na kwana a kanshi yana ƙyanda? Kai dai ba ka da wayo, tun kana ƙarami."

Mubarika ta durƙusa da ƙyar, ta kifa kanta a cinyar matar, ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa. Hannun nan mai kaushi ya sauka a bayanta yana bubbugawa, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake lallashi, don mai hannun ba ta saba ba.

"Ya isa, kar ka tayar mini da jika. Tashi ka tafi gida."

Mubarika ta ɗago a firgice. "In tafi?"

"Da ƙafarka ka zo, ba haka ake yi ba. Ka je su kawo ka. Kuma ka gaya wa telan nan, tukunyata ba ta fita ko nan da ƙofa."

Ba ta san yadda ta tsallaka gadar ba a komowa. Shago ta nufa kai tsaye, ta tsaya a ƙofa tana haki tana dariya, fuska duk hawaye, har Ukasha ya zabura ya ɗauka naƙuda ce ya fara neman takalmi. Da ta samu ta gaya masa, sai ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara, sannan ya tuna wani abu.

"To littafin da na rubuta fa?"

"Ka ajiye wa na biyu."

Ya kira Gwaggo Husseina nan take. Ana jin salatinta daga cikin wayar. Ta ce wannan abin kunya nasu ne, ba na yarinya ba, su manya ya kamata su fara zuwa su tambaya. Ta ce a ƙara goron ya zama ƙwarya biyu, a sa turare da atamfa.

Ranar Lahadi da la'asar lungun ya cika. Gwaggo a gaba da mayafinta na zuwa biki, mata biyu na bin ta da goro, sai Mubarika a tsakiya cikin sabuwar doguwar rigar da mijinta ya ɗinka mata. Matan gidan haya ba wanda ya gayyace su, amma duk suka yafa mayafi suka biyo, ɗaya ta ɗauki bokiti, ɗaya jakar asibiti. Ukasha na can ƙarshe ɗauke da akwati, duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya yi masa bayani.

A ƙofar gidan Gwaggo ta yi sallama sau uku kafin a amsa. Mma Suweiba ta fito cikin leshi fari, da sarƙa, da ɗaurin kallabi mai tsayi, ta tsaya ta haɗe fuska kamar ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba.

"Lafiya? Me ya kawo ku?"

"Lafiya lau," in ji Gwaggo. "'Yarki muka kawo miki, ta haihu a gabanki. Mun yi latti, a yi mana afuwa."

"Kun yi latti paa, latti sosai." Ta karɓi goron, ta buɗe ganyen ta duba, ta rufe. "Na karɓa. Allah Ya raba lafiya."

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Aka fito da waake a manyan faranti, da shito, soyayyen yajin nan baƙi, da nama, aka ci aka yi addu'a. Ukasha ya kai akwati har ƙofar ɗakin, yana shirin shiga ya jera kayan da kansa, Mma Suweiba ta tare ƙofar da jikinta.

"Nan ne iyakarka. Ka zo gaisuwa da rana, ka zauna a benci, ka tafi."

"Mma, ko rigunan in nuna..."

"A benci."

Washegari Mubarika ta farka da ƙarar faskare da ƙamshin wake, sautin da ta tashi da shi shekara goma sha ɗaya. Jikinta ya riga hankalinta, har ta sauko da ƙafa tana laluben zanen aiki, sannan ta tuna. Ta koma ta kwanta. Ɗan cikin ya motsa, ya harba ƙafa sau biyu, ta dafa wurin tana murmushi.

Bangon ɗakin shi ne bayan rumfa, ana jin komai. Layi ya kama, direbobi na gardamar ƙwallo, wani na ƙwala kiran a ƙara masa shito. Sai muryar Mma Suweiba ta danne ta kowa.

"Kai! Ku rage mini surutu a nan. 'Yata ya zo haihuwa, shina barci."

"Mma, dama kana da 'ya mace?" wani ya tambaya.

"Da kai na haife shi da za ka sani? Karɓi abincinka ka matsa."

Mubarika idonta biyu, kuma ba ta jin barci ko kaɗan. Amma ta ja zane ta rufa har kafaɗa, ta lumshe ido, ta yi lamo, don kada a leƙo a ga uwarta ta yi ƙarya.